Ranar da Aka Ce Ɗelu Ta Tsallaka

Ɗelu mai banda ba ta cikin waɗanda ake ambata in an zauna lissafin manyan Madarunfa. Ba ta je Makka ba, ba ta gina ɗakin siminti ba, ko zanen jam'iyya ba a ba ta ba a shekarun da ake rabawa har ga wadda ba ta san sunan jam'iyyar ba. Sana'arta bandar kifi a bayan gida, kusa da bakin tafki. Maza uku aka haifa kafin ita, shi ya sa aka kira ta Ɗelu, kuma da za a haɗa mazan nan uku a matse, ba za a samu cikin ludayi na hankalinta ba. Biyu sun tafi cin rani Najeriya sun manta hanyar gida. Na ukun yana nan yana gadin inuwar bedi kada wani ya sace ta.

Mijinta Audu masunci ne, a baki. Duk lokacin da ka bi ta ƙofar gidansu gyaran taru yake yi. Tarun nan ya sha gyara har ya fi rigar sallar mai shi kyau, ruwa ne dai bai cika gani ba. Don haka kifin da Ɗelu take yi wa banda, saye take yi daga hannun mazan wasu. Ta wanke tarwaɗa, ta lanƙwasa ta, ta soke da tsinke, ta jera a kan raga, ta tsaya cikin hayaƙi tana juyawa tun hantsi har rana ta yi sanyi. Tarwaɗarta takan daɗe ƙwaro bai shige ta ba, har a kasuwar Jibiya ana tambayar ta Ɗelu.

Haihuwa biyar ta yi, ɗaya ta tsaya mata, ita ce ta fari, Zahara'u. Da yake ɗiyar fari ce, Ɗelu ba ta taɓa kama sunanta ba, in za ta ambace ta sai ta ce "waccan". Wanda bai san mu ba sai ya ce ba ta damu da ita ba. Amma kwanonin da ta jera mata lokacin da aka kai ta gidan miji a ƙauyen Sarkin Yamma, kowane ɗaya da hayaƙi aka saye shi. Mijin manomin gero ne, yaro mai kunya, kuma yarinyar da bakinta ta ce shi take so. Uwarsa ce dai irin tsofaffin nan da in sun shiga gida har kaji sukan yi shiru.

Ciwon ya soma wajen shekarar da aka karya darajar sefa, lokacin da kowa ke kukan tsada har ba mai lura da ramar wani. Ɗelu ta riƙa cin tuwo kamar mai noman gayya, tana ramewa. Cikin ɗari mutane na jin wuta, ita tana zufa. Hannunta na rawa har tsinken kifi ya riƙa sukar ta, zuciya na bugawa kamar ana sussuka a ƙirjinta. Wuyanta ya ɗan kumbura, wannan bai dami kowa ba, maƙoƙo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Idanun ne suka ja magana. Suka turo waje sannu a hankali, fatar sama ta janye, fari ya bayyana sama da ƙasa, har ya zama ko gaishe ka take yi sai ka ji kamar ta kama ka da sata. Suna ja, suna hawaye, suna yi mata kamar an zuba yashi. In ta gaji sai ta riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu. Allah ya jarrabe ta da ganin Audu biyu a ƙofar gida, alhali ɗayan ma ya ishi mace jarrabawa.

A garin nan mace mai tarbiyya takan sunkuyar da ido gaban manya. Ɗelu tana sunkuyar da kai, ido ya ƙi bin kan. Ta durƙusa ta gaida liman, liman ya ga farin ido yana leƙen sa daga ƙasa, ya gaggauta addu'a ya wuce. Wata maƙwabciya ta shiga aron garwashi da tsakar rana, ta tarar da ita tana barci ido rabi a buɗe, ta fito ba garwashi, kafin la'asar labarin ya riga ta zuwa rijiya. Yara suka sa mata Mujiya. Manya ba su faɗi nasu sunan da ƙarfi ba tukuna, amma mace mai ci ba ta ƙiba, mai barci ido buɗe, mai kallon mutum ba ƙiftawa, mutanen Madarunfa ba sa buƙatar malami ya haɗa musu wannan. A sauran abubuwa ne kansu ke da nauyi.

Masu magani kuwa kowa ya ci rabonsa. Wanzami ya yi mata tsaga a gefen ido ya kafa mata ƙaho a ƙeya. Boka ya ce iskar tafki ce ta shige ta, ya karɓi baƙin zakara, ya cinye da iyalinsa, iskar ba ta samu ko ƙafa ba. Daga ƙarshe ta kai kanta Maraɗi. Wani likita ya tattaɓa wuyan, ya ce abin da ke maƙogwaronta ne yake aiki fiye da ƙima, shi ke ƙona mata jiki, shi ne kuma ya turo idanun. Ya ba ta ƙwayoyi. Rawar hannu ta kwanta, zuciya ta natsu, ta ɗan mayar da jiki. Idanun dai suka ce sun fito ke nan. Ta dawo ta gaya wa mutane abin da likita ya ce, suka saurara da ladabi, suka ce Allah ya sawwaƙe, suka je suka sayi kifi a wurin wata.

Wanda ke kai mata kifi Jibiya direba ne, ana ce masa Ɗan Azumi. Yana da tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, yana kai wake da kifi, ya dawo da abin da ba ya son ƴan duwan, wato kwastan, su tambaye shi. Bakinsa ba ya riƙe komai, kuma sau ɗaya a rayuwarsa wannan ya yi amfani. Ya tsaya sayen daddawa a kasuwar Jibiya, mai daddawar ta ɗago, ya ga idanun Ɗelu a fuskar wata. Maimakon ya yi shiru kamar mai hankali, sai ya ce mata akwai irinta a garinsu. Matar, sunanta Ummulkhairi, ba ta zage shi ba. Ta ce ya dawo ta wurinta kasuwa mai zuwa. Da ya dawo ta miƙa masa kaset a ƙunshe cikin tsumma, irin yadda ake aika wa ƴan cin rani saƙo, tun da daga ita har Ɗelu ba wadda ta iya karatu.

Ɗelu ta ɗauko radiyon Audu, ta shiga ɗaki, ta danna. Murya ta fito, mai kauri, da ƙarar kasuwa a bayanta.

"Salamu alaikum, baiwar Allah da ban sani ba. An ce kina da irin idanuna. To barka, ashe ba ni kaɗai aka yi wa wannan rabon ba. Ni shekarata shida da su, ban ci kowa ba, ko akuyar maƙwabta ban kama ba. In za ki kwanta ki jiƙa tsumma mai tsabta ki ɗaure a kansu, ki tada kanki sama. Ki bar kwalli, kyan da za ki yi kin riga kin yi. In kin ji, ki yi magana a bayan tawa, ki ba wannan mai surutun ya kawo mini."

Ɗelu ta juya kaset ɗin ta sake ji, ta sake, har pil, batirin radiyon, ya mutu, ta cire ta shanya a rana ya ɗan farfaɗo. Sannan ta yi tata maganar. Ɗan Azumi kuwa da ya ga abin ya karɓu, sai ya zama mai farautar idanu, duk garin da ya tsaya yana leƙen fuskokin mutane. Ya samo Zainabu a Safo, mai saƙar faifai. Ya samo wata tsohuwa a Gabi. Har namiji ya samo, wani tela Adamu, wanda yakan saurari kaset ɗin kaf daga farko zuwa ƙarshe, in an zo nasa wurin ya yi sallama, ya yi gyaran murya, ya kashe. Namiji ke nan. Ya sha maganin mata ya ƙi ko godiya, kada a ce ya zauna cikinsu.

Haka kaset ɗin ya riƙa zagayawa a aljihun motar Ɗan Azumi, tsakanin kwalbar man birki da takardun mota. Kowace ta ji na sauran, ta ɗora nata, in ya cika a koma farko a shafe. Ba su taɓa ganin juna ba. Amma Ɗelu ta san Zainabu na da ɗiya biyu a gida, ta san tsohuwar Gabi ba ta da haƙoran gaba don yadda take faɗin sin. Daga wurinsu ta ji cewa kada ta sake barin wanzami ya kusanci fuskarta, kuma kada ta yar da ƙwayoyin likita don ta ga jiki ya yi sauƙi, Ummulkhairi ta gwada ta sha wuya. Su suka ce ta koma tsayawa ta inda iska ke fitowa in tana banda, ta sayi baƙin tabarau saboda rana. Wani lokaci ba shawara ba ce ma. Wata ta ba da labarin yadda ta zuba miya a kwanon da babu shi don ta ga biyu, sauran su yi ta dariya a zagaye na gaba.

Kada ka ce garin ya bar ta ta huta. Da ba tabarau, an ce tana zare wa mutane ido. Da ta sa, aka ce ta ɓoye ne don kada a san kurwar wa take kallo. Aka ji muryoyin mata suna dariya a ɗakinta da rana tsaka alhali ba a ga kowa ya shiga ba, aka ce taronsu suke yi. Kowane gida a unguwar akwai radiyo mai kaset, kowa ya san yadda yake aiki, amma a ɗakin Ɗelu kaɗai ya zama abin tsoro. Uwar wannan karatu ita ce Hajiya Balaraba, matar wani ɗan kasuwa, wadda ta dawo daga Makka da haƙorin zinariya da kuma tabbacin cewa ita aka bar wa tsaron unguwa. Ba ta taɓa cewa mayya da bakinta ba. Takan ce dai ita ba ta ce komai ba, amma masu ƙananan yara su yi hankali.

Magana ta bi amalanke ta isa Sarkin Yamma. Zahara'u na da cikin fari, kuma kowa ya san haihuwar fari a gidan uwa ake yin ta. Surukan suka ce hanya ba kyau. Hanyar da ake bi da buhunan gero kullum, ranar nan ta lalace. Ta haihu a can, namiji, aka sa masa Al'amin. Ɗelu ta je suna, aka ba ta tabarma a nesa da ɗakin mai jego, aka nuna mata jaririn daga bakin ƙofa kamar ana nuna wa mai saye ɗan akuya. Kafin ta taso, uwar mijin ta aiko wata ta gaya mata a fakaice: su ba su gaskata ba, amma an san abin nan a nono ake shan sa. Ranar da maganar ta tabbata, za a cire yaron daga nonon uwarsa, a maido mata ɗiyarta.

Yadda ake tabbatarwa kuwa kowa ya sani. In yaro ya kwanta, ya ambaci sunan wata cikin zafin ciwo, sai a kira ta a ce ta tsallake shi don ta saki kurwarsa. Ɗelu ta san kiran nan na zuwa, damina kawai ake jira. Ta dawo gida ta danna radiyo, ta gaya wa matan kaset. Ko a nan ba ta kama sunan ɗiyar ba, ta ce waccan ta wajena tana da goyo, kuma ga abin da aka ce.

Kaset ya zagaya ya dawo da amsa. Zainabu ta Safo, wadda ba ta taɓa ɗaga zancen ba, ta ce ita an kira ta, ta tsallaka don a zauna lafiya. Yaron ya tashi, aka ce ai ga shi ta saki. Tun daga nan ko ciwon kai wani ya yi sai a aiko mata, ɗiyanta biyu kuma ga su nan a gida ba mai sallama. Tsohuwar Gabi ta ce ita ƙi ta yi, ta dafa Alƙur'ani ta rantse. Yaron ya mutu, aka ce ta ƙi saki, shi ya sa yanzu take zaune a bukkar gonar ƙanenta. Ummulkhairi ta yi tsaki mai tsawo, ta ce to in tsallakawa laifi ce ƙi ma laifi ne, da ita ce da sai ta ce ba ta ɗaga ƙafa ita kaɗai, duk matan unguwa su tattare zane su biyo ta. Ta faɗa ne don a yi dariya, ta kuwa yi dariyarta. Adamu tela ya yi gyaran murya.

Damina ta sauka, tafki ya cika, sauro ya fito kamar an aiko shi. Jikar Hajiya Balaraba, Ruƙayya, yarinya ƴar shekara shida, ta kwanta da zazzaɓi. Uban yana Maraɗi wajen kasuwancinsa. Aka yi turare, aka sha rubutu, jiki ya ƙara zafi, yarinya ta soma sambatu tana cewa idanu, idanu. Hajiya ta sunkuya ta tambaye ta na wa, na Ɗelu ne? Yarinyar da ko uwarta ba ta ganewa a lokacin ta ce i. Da an tambaye ta ko na jakin liman ne, da i ɗin za ta ce. Hajiya ta aika wa mai unguwa. Ta kuma aika Sarkin Yamma, don alheri irin nata, cewa surukar Zahara'u ta zo ta gani da idonta.

Washegari da hantsi tsohuwar Sarkin Yamma ta sauka daga amalanken jaki a ƙofar Hajiya. Ta shiga ta yi sannu, ta dafa kan yarinyar, ta tofa addu'a, aka ba ta kujera a wuri mai kyan kallo. Tsakar gida ta cika da mata, har waɗanda ke cewa ba su da lokacin zuwa gaisuwar mutuwa. Mai unguwa ya zauna a bakin zaure yana share zufa, don ya san in abin ya kai ga duka, shi jandarma za su tambaya. Aka aika kiran Ɗelu. Audu kuwa tun da ya ji ƙishin-ƙishin ya saɓi tarunsa ya nufi tafki. Ranar ce tarun ya ga ruwa.

Ta zo da tabarau a fuska, ta gaida mai unguwa, ta gaida Hajiya, ta durƙusa daga nesa wajen surukar ɗiyarta, kamar yadda kunya ta tanada. An shimfiɗa yarinyar a tabarma a tsakiyar gida. Hajiya ta ce ita ba ta zargin kowa, yarinya ce ta ambata, in Ɗelu ta san ba ta da komai ai tsallakawa ba wuya. Ɗelu ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Zan tsallaka, Hajiya. Amma a bakinku na ji cewa mai wannan abu takan ari fuskar wata in za ta kama kurwa. In aron tawa aka yi, na tsallaka ni kaɗai, ɗiyar nan ba za ta tashi ba, mai abin kuma tana tsaye cikinmu. In ranta kuke so, duk macen da ta tako gidan nan tun da ta kwanta ta tsallaka. Ni a sa ni tsakiya."

Hajiya ta ce wannan wace irin magana ce, ita za a ce ta tsallaka jikarta? Mai unguwa, wanda ya hango ƙofar fita, ya ce shi dai bai ga aibin maganar ba, ai neman lafiya ake yi. Aka soma gunaguni, kowace na kallon ta kusa da ita. Sai uwar yarinyar ta miƙe. Yarinya ce ƙarama, mai shiru, wadda tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa jin ta ɗaga murya gaban Hajiya ba. Ta tattare zanenta, ta tsallake ɗiyarta, ta juyo ta tsaya.

"Saura ke, Hajiya."

To daga nan ba sauran mai ƙi, don wadda ta ƙi ta faɗi sunanta da kanta. Tarkon da suka haƙa wa mace ɗaya ya isa kowa. Hajiya ta tashi, mata biyu suka riƙe ta saboda nauyi, ta ɗaga ƙafa da kyar, haƙorin Makka a rufe. Matar liman ta bi tana karanta duk abin da ta haddace. Maƙwabciyar nan mai aron garwashi ta ce ta bar tukunya a wuta, ta nufi ƙofa, duk gida ya juya yana kallon bayanta, ta tsaya, ta dawo, ta ce ai tukunyar za ta jira. Ni ma mai ba ku labarin nan ina wurin, na ɗaga tawa ƙafar da ciwon gwiwata. Da aka zo kan Ɗelu sai ta tsaya, don yara biyu take gani a tabarma biyu. Ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta tsallaka, wata ta biyo bayanta, wata ta biyo bayan waccan.

Tsohuwar Sarkin Yamma tana kan kujerarta, ta ce ita baƙuwa ce, kallo ta zo. Ɗelu ba ta ko dubi wajen ba, kunyar surukuta ta hana. Hajiya ce ta yi aikin. Matar da aka sa ta ɗaga ƙafa a gidanta gaban ƴan aikinta ba za ta bar wata ta koma garinsu da tsabtar ƙafa ba.

"Baƙuwa ko ba baƙuwa ba, Iya, da hannunki kika dafa kanta. Kowa ya gani."

Tsohuwa ta duba hagu ta duba dama, ba ta ga mai cetonta ba. Ta tashi ta tsallaka, ta wuce kai tsaye zuwa amalankenta, ko furar da aka dama mata ba ta sha ba.

Da azahar uban yarinyar ya iso daga Maraɗi. Ya ga ɗiyarsa a tabarma da sawun ƙafafu kewaye da ita, ya ɗauke ta ya kai dispanser, aka yi mata allura. Kwana kaɗan ta tashi tana neman ƙosai. Ba wanda ya yi zancen allurar, wannan ai ba labari ba ne. Abin da aka tabbatar shi ne an saki kurwa, saura a san wadda ta saka. Kowace mace a unguwar na da wadda take zato, kuma ba mai iya faɗa, don ita ma ta tsallaka. Mai aron garwashi ta sha kallo har kaka. Wasu ma suka riƙa tuna cewa Hajiya ta daɗe da ƙafa a sama. Hajiya ta daina ba masu ƙananan yara shawara, ta koma zancen tsadar atamfa.

Ba wanda ya je ya ba Ɗelu haƙuri. A garin nan haƙuri sai a gaya wa wanda aka cuta ya yi, ba a ba shi. Wasu suka dawo sayen kifi suna cewa na waccan matar ne ya yi tsutsa, wasu ba su dawo ba. Idonta na hagu ya ci gaba da bushewa har ya yi fari, ta rage bandar. Ta ba matan kaset labari tun daga farko, har da yadda aka tallabi Hajiya. Ummulkhairi ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce ita fa wasa take yi. Tsohuwar Gabi ta sa albarka. Zainabu ta Safo ta ce ta yi murna, da ma an yi wannan wasan tun kafin a kira ta.

A Sarkin Yamma kuwa aka tambayi tsohuwa abin da ta gano. Ta ce mutanen Madarunfa ba su da aikin yi, geronsu ma bana bai yi kyau ba. Aka matsa, ta ce a bar zancen. Ba ta da yadda za ta ce wadda ta tsallaka mayya ce, alhali ɗanta nononta ya sha, ɗiyanta mata kuma suna gidajen mutane da goyo. Al'amin ya ci gaba da shan nonon uwarsa, ya yi kumatu, ya yi rarrafe, ya tashi da ƙafarsa.

Da lokacin yaye ya yi, aka zura ido a ga inda za a kai shi, don yaye wurin kaka ake kaiwa. Wata safiya amalanke ya tsaya a ƙofar Ɗelu. Ƙanwar uban ce ta sauko da yaron a kafaɗa, da damin gero, da saƙon gaisuwa daga tsohuwa, gajere. Yaron ya yi kukan nono har muryarsa ta dishe. Ɗelu ta dama masa kunu, ta ɓare masa tsokar tarwaɗa tana cire ƙaya da lalube, tana ce masa maigidana ka yi haƙuri, haka duniya take yi wa kowa. Da ya yi shiru ta goya shi, ta sa tabarau, ta nufi bakin tafki sayen kifi. Ba ta bi ta bayan gari ba, ta tsakiyar unguwa ta bi. Matan da ke ƙofar gida suka riƙa yi mata barka da yaye, ta tsaya ta amsa wa kowace da sunanta.